Yaya Aka Yi Tashar Jirgin Rahama Ta Mutu?

Tambaya: Malam, dattawanmu suna yawan ambaton tashar jirgin ƙasa ta Rahama, kusa da Saminaka, alhali mu mun tashi ba mu ga dogo a yankin ba. Da gaske ne jirgi ya taɓa bi ta nan, kuma me ya hana shi ci gaba? Daga wani mai karatu a ƙasar Lere.

Amsa: Dattawanku gaskiya suka faɗa maka. Tashar Rahama tana kan wani siririn layin dogo ne da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa daga Zariya a 1911, wanda ya ratsa ta Soba da Dutsen Wai, ya iso Rahama a 1912, sannan ya hau tsaunukan Jos har ya kai Bukuru a 1914. Ana kiransa layin Bauchi domin a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi.

Kuza ce ta jawo shi, ba buƙatar mutanen ƙauyuka ba. Kafin zuwansa, 'yan dako ne suke ɗaukar kuza a ka, su yi kwana da kwanaki a ƙafa har Loko a bakin Binuwai. Shi ya sa a ɗan tsakanin da dogon ya tsaya a Rahama tashar ta yi tashe, domin a nan ake sauke injuna da kayan kamfanonin haƙar ma'adinai, a kuma loda kuzar da aka sauko da ita.

Sai dai tun ran gini tun ran zane. Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6, don haka dole duk kayan da suka iso Zariya a sauke su daga wannan tarago a mayar cikin wancan. A ganina arhar da aka bi wajen gini ita ce ta gajarta masa kwana. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta koma bin hanyar Fatakwal, aka bar ƙaramin jirgin da fasinja da amfanin gona, waɗanda su ma motoci suka riƙa janyewa. A 1957 aka rufe layin baki ɗaya, daga baya aka kwashe ƙarafunan, shi ya sa kuka tashi ba ku tarar da su ba.