Amsar tambayar Alhaji kan otal a Paris da maganar tara maki

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Alhaji, na ji muryarka tun da safe, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ga waɗanda ba su saurara ba, Alhaji cewa ya yi zai je Paris a watan Oktoba shi da Hajiya da yara biyu, kwana shida, kuma yana da rajista da Hilton saboda yakan sauka a Transcorp Hilton idan ya shiga Abuja. Tambayarsa ita ce, ya nemi Hilton a can don ya ƙara maki, wato ladan da kamfanin otal ke tara wa memba duk lokacin da ya kwana a wurinsu, ko kuwa ya shiga Booking.com ya ɗauki duk wanda ya fi araha. To ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Alhaji, ni dai shawarata, kada maki ya zaɓar maka otal. Ka fara zaɓen unguwa, sannan ka duba wane kamfani ne yake da otal a wurin, sai ka yi rajista da shi. Rajistar nan kyauta ce, minti biyar ka gama a waya. Abin da yake cin kuɗin mutane shi ne bin matsayi, wato a ce sai na zama Gold, sai na zama Platinum. Wannan an yi shi ne don ma'aikacin da kamfani ke biya wa otal duk mako. A Marriott sai ka kwana dare 25 a shekara ɗaya kafin ka zama Gold, dare 50 kafin Platinum, kuma a Platinum ɗin ne ake fara ganin abin kirki kamar karin kumallo da barin ɗaki ƙarfe huɗu na yamma. Mutumin da yake fita sau ɗaya ko biyu a shekara da kuɗin aljihunsa, ina zai kai dare 50?

Yanzu a Paris, kamfanin da ya cika gari shi ne Accor, don nan ne gidansu, 'yan Faransa ne. Su ke da ibis, da Mercure, da Novotel, da Pullman, da Sofitel. Kusan duk unguwar da ka shiga za ka ga ɗaya daga ciki. Hilton suna nan, akwai na Opéra kusa da tashar Saint-Lazare, akwai na La Défense, amma ba su da yawa a tsakiyar gari, kuma masu tsada ne. Idan ka ce lallai sai Hilton, to ka taƙaita kanka a 'yan wurare kaɗan, kuma kai mai iyali ne.

Maganar iyalin nan ita ce babba, Alhaji, ka saurare ni da kyau. Ɗakunan otal a Paris ƙanana ne ƙwarai. Ɗakin ibis na yau da kullum, gado ne na mutum biyu, da ɗan tebur a jikin taga, da banɗaki wanda in ka shiga ka rufe ƙofa to ka cika shi. Manyan akwatuna biyu idan ka buɗe su a ƙasa, sai dai ka tsallaka su, wurin shimfiɗa sallaya ma sai ka rufe guda ka jingine ta. Kuma suna da tsauri kan adadin mutanen ɗaki saboda dokar kashe gobara. Ɗakin da aka rubuta mutum biyu, ba za su yarda ku shiga ku huɗu ba ko da yaran ƙanana ne, roƙo ba ya aiki a wurin. Za su ce ka kama ɗaki na biyu, a farashin wannan ranar. Shi ya sa nake cewa ka duba Novotel. Tsarinsu tun da daɗewa shi ne yara biyu 'yan ƙasa da shekara 16 suna kwana kyauta a ɗakin iyayensu, akwai kujera da ake warewa ta zama gado, kuma idan iyaye sun karya a otal ɗin yaran ma suna ci kyauta. Wannan kaɗai ya fi duk wani maki da za ka tara a tafiyar. Amma ka sa yaran da shekarunsu a lokacin da kake kama ɗakin, kada ka bari sai kun isa.

To bari in yi maka lissafin makin, don ka ga girmansa da idonka. Shirin Accor sunansa ALL. Sabon memba yana samun maki 25 a kan kowace Yuro 10 da ya kashe a irin su Novotel da Mercure, a ibis kuma rabin haka, 12.5. Maki 2,000 daidai yake da Yuro 40, ba ya hawa ba ya sauka. Ka ga ke nan sai ka kashe wajen Yuro 800 a Novotel kafin a mayar maka da 40, wato kashi biyar cikin ɗari. A ibis sai ka kashe 1,600. Abu ne mai kyau, ban ce ka bar shi ba, kuɗin tasi ne. Amma idan don ka samu wannan 40 ɗin ka ɗauki otal da ya fi wani tsada da Yuro 30 kowane dare, a kwana shida ka biya ƙarin 180. Ka ga an yi ba a yi ba.

Inda rajistar take da amfani nan take shi ne farashin memba. Idan ka shiga manhajarsu da sunanka, sau da yawa za ka ga ragi a kan farashin da kowa yake gani. Sai ka buɗe Booking.com a gefe ka gwada, ɗaki iri ɗaya, rana ɗaya, sharaɗin sokewa iri ɗaya. Idan sun zo daidai ko bambancin kaɗan ne, kama kai tsaye daga kamfanin. Dalili kuwa, duk ɗakin da ka kama ta Booking.com ko Expedia ko ta ejan, yawanci babu maki, ba a lissafa maka daren, kuma ko kana da matsayi ba dole ne su kula da shi ba. Haka dokar take a Hilton, haka a Marriott, haka a Accor. Sannan idan matsala ta taso, kai da otal ne kawai, babu wani na uku da za a ce ka kira.

Wani abin da ya sa nake karkata ga Accor don mutanenmu shi ne Umara. Manyan otal ɗin da ke cikin ginin agogon nan na Makka, Fairmont, da Swissôtel, da Pullman Zamzam, da Mövenpick, duk nasu ne. Suna da ibis a Ikeja a Legas. To mutumin da yake zuwa Umara, yana leƙa Legas, wani lokaci Turai, zai iya tara darensa wuri guda. Dare 10 a shekara ya zama Silver, 30 Gold. Hilton ma suna da nasu a Jabal Omar, kada a ce na ɓoye. Sai dai ita ma Umarar, in ejan ne ya haɗa maka komai da komai, kada ka sa rai da maki. Kuma ka riƙe wannan: makin Accor yana mutuwa idan ka yi shekara guda ba ka kwana a wurinsu ba, na Hilton da Marriott kuwa shekara biyu ne. Saboda haka Alhaji, shiga asusunka na Hilton yau ka ga abin da ke ciki. Idan makin yana da yawa har zai biya dare huɗu, kuma ka kai Silver, suna ba da dare na biyar kyauta ga wanda ya biya da maki. A nan ne kawai zan ce ka tsaya a Hilton. Ko kuma in kai Gold ne a wurinsu, don a wajen Amurka Gold ɗin Hilton yana samun karin kumallo shi da mutum ɗaya.

Idan Air France za ku hau, ka buɗe Flying Blue ka haɗa shi da asusun ALL, akwai yarjejeniya tsakaninsu, kana samu ta ɓangarorin biyu.

Mu dawo kan unguwa. Paris gunduma 20 ce, kuma lambar yanki ta gidan waya da ke cikin adireshi, wato postcode, ita ke gaya maka gaskiya. Duk adireshin da lambarsa ta fara da 75, cikin gari ne. Idan ka ga 92, 93 ko 94, to wajen babban titin da ya zagaye birnin ne, ko da an rubuta Paris a sunan otal ɗin. Ba wai wajen garin ba shi da kyau ba ne, a'a, La Défense ma 92 ce, kuma layin metro na 1 da jirgin RER A suna kai ka tsakiya cikin ɗan lokaci. Unguwar ofisoshi ce, don haka Juma'a zuwa Lahadi farashi yakan faɗi. Abin dubawa shi ne tafiyar minti nawa ce a ƙafa daga ƙofar otal zuwa bakin metro. Da yara, da sanyin Oktoba, in ya wuce minti bakwai zuwa goma za ku gaji da shi tun rana ta biyu.

In kuɗi ya ba da dama, Novotel na Les Halles yana kan tashar Châtelet–Les Halles, jirgin RER B daga filin jirgin Charles de Gaulle yana ajiye ka a nan kai tsaye ba canji, Louvre kuma da ƙafa za ku je. Sai dai da manyan akwatuna ni tasi zan ce ku hau. Farashinsa a yanke yake, a 2024 Yuro 56 ne zuwa arewacin kogin Seine, 65 zuwa kudancinsa. Ku bi layin tasi na hukuma a waje, kada ku kula waɗanda ke tare mutane a cikin zaure suna cewa tasi, tasi.

Abinci da sallah kuma, babban masallacin Paris yana gunduma ta 5, an buɗe shi a 1926, metro Place Monge a layi na 7, yana dab da lambun Jardin des Plantes inda yara za su ji daɗi bayan Juma'a. Château Rouge da Barbès a gunduma ta 18, nan ne kasuwar 'yan Afirka, mahauta na halal, kuɓewa, manja, doya, duk Hajiya za ta gani. Ku je da rana ku ci ku yi sayayya, amma ban ba ka shawarar kwana a nan ko a bakin Gare du Nord da iyali ba, cunkoso ya yi yawa kuma akwai 'yan sane. A teburin karin kumallo na otal, yankakken naman nan mai launin hoda da tsiran da ke cikin tukunyar ɗumi, yawanci alade ne. Ku tsaya kan burodi, ƙwai, cuku, yogot da 'ya'yan itace, ƙwan ma ku duba ba a haɗa shi da nama a faranti ɗaya ba. Shi ya sa in ba kyauta aka ba ka ba, ka yi tunani kafin ka biya kuɗin karin otal, tun da rabin abin da ke kan teburin ba naka ba ne. Gidan burodi yana kusan kowane layi. Abin shan maraba da otal ɗin Accor suke bai wa Silver kuma, ka ce lemo kake so, za su ba ka.

Hajiya ta sa ƙaramar buta a akwati, banɗakunansu takarda ce kawai. Ba kowane ɗaki ke da abin dafa ruwan shayi ba, ku tambaya tun kafin ku tafi. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, irin namu mai baki uku ba ya shiga, a sayi adafta tun daga gida.

Sai kuɗin da ba a gani a farashi. Akwai harajin baƙi da ake biya kan kowane babba kowane dare, ko da maki ka biya ɗakin. An ɗaga shi a farkon 2024, otal mai tauraro uku ya koma Yuro 5.20, mai huɗu 8.13, kuma ya ɗan ƙaru bayan nan. Yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biya. Kai da Hajiya a mai tauraro huɗu kwana shida, ka ware wajen Yuro 100. Sannan a wurin karɓar baƙi za su nemi kati su riƙe wani abu a matsayin jingina. Na taɓa tsayawa bayan wani ɗan'uwanmu a wani otal a can, ƙarfe bakwai na safe, ya sauko daga jirgin dare, yara na barci a kan akwatuna, katinsa na naira ya ƙi wucewa sau uku, matar tana ta juyo masa da na'urar tana girgiza kai. Da kuɗi a hannunsa, amma kati suke so. Sai da ya kira banki a gida aka daɗe ana fama. Don Allah ka tafi da katin dala ko na Yuro mai sunanka, wanda ka kama ɗakin da shi, kuma ka sanar da bankinka za ka yi tafiya.

Wannan ya tuna mini, jiragen da ke tasowa daga Abuja da Legas da dare da sassafe suke sauka, ɗaki kuma sai wajen ƙarfe uku na rana ake bayarwa. Shiga da wuri alfarma ce, in akwai ɗaki, ko ga mai matsayi ba tabbas ba ne. Ka tura musu saƙo kwana biyu kafin tafiya ka faɗi lokacin saukarku da cewa akwai yara. In ba ka son jira sam, ka kama daren da ya gabata ka gaya musu da safe za ku iso, don kada su ɗauka ba ku zo ba su soke.

Na ƙarshe, tun da bizar ba ta fito ba tukuna, ka ɗauki farashin da ake iya sokewa kyauta, shi za ka buga ka kai TLScontact, ofishin da ke karɓar takardun neman biza. Ya fi tsada kaɗan, amma mai arahar in aka hana biza kuɗinka ya tafi. Bayan fasfo ya dawo sai ka sake dubawa, in mai arahar yana nan ka kama shi ka soke na farko. Kuma ka lura da ranakun, makon nunin kayan ƙawa yana kaiwa farkon Oktoba, sannan a shekarun da ake baje kolin abinci na SIAL a Villepinte, shi ma a Oktoba ne, otal yana tashi sosai. Turo mini ranakun da shekarun yaran ta akwatina, zan duba maka guda uku da daddare in sha Allahu. A gaida Hajiya. Wassalamu alaikum.