Injin jirgina yana gudu lafiya, amma da na rage wuta sai ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar mutane da kaya da jirgin katako a Yawuri, injina Yamaha Enduro ne mai doki 40. A tsakiyar ruwa idan na ba shi wuta ba ni da kuka da shi ko kaɗan. Amma da na rage totur zan matso gaɓa sai ya yi ta tari ya mutu, wani lokaci ina sa giya yake ɗaukewa. Na canza fulogi sau biyu. Wani makaniki ya ƙara mini silo, wato juyin da injin ke yi idan ba a ba shi wuta ba, mutuwar ta ragu, sai dai yanzu giya tana shiga da ƙara kamar an buga guduma. Injin ya yi wajen wata biyu a ajiye kafin wannan abu ya fara. Shin gajiya ya yi, in fara neman kuɗin wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Bar maganar sayen wani tukuna. Injin da ke jan jirgi cike da kaya a tsakiyar kogi ba tare da ya yi gardama ba, da wuya a ce ya gaji. Abu biyu na riƙe a tambayarka: lafiyarsa a babban gudu, da ajiyar wata biyun nan. Dukansu wuri ɗaya suke nuna mini, wato ƙaramar hanyar mai da ke cikin kafireto, wadda muke kira silo jet.

Amma kafin komai, a mayar da silon da aka ƙara inda yake. Wannan ƙarar da kake ji kuɗinka ne ke tafiya. A ƙasan injin, cikin gidan giya, akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke zamewa ya kama giyar gaba ko ta ribas. Babu kulocin da ke sassauta masa irin na mota, a yadda injin ke juyawa haka yake faɗawa. Shi ya sa aka yi shi don ya shiga a ƙaramin juyi. Duk shigar da ya yi da silo sama, bakin haƙoran na ɗan cinyewa, har ranar da giya za ta fara fita da kanta kana cikin tafiya. Ba na ganin laifin makanikin sosai, mai jirgi ne ke tsaye a kansa fasinjoji na jira, sai ya yi abin da zai sallame shi. Sai dai ciwon yana nan, an dai rufe shi da zane.

Ga yadda abin yake. Kafireto yana da hanyar mai biyu. Babbar, wato men jet, ita ke ciyar da injin idan ka buɗe totur. Idan ka rufe totur kuwa, iskar da ke wucewa ba ta da ƙarfin jawo mai ta babbar hanya, sai injin ya koma rayuwa a kan ƙaramar. Ramin silo jet ɗan mitsitsi ne, sai ka ɗaga shi sama ka kalli haske kafin ka gan shi da kyau. Idan injin ya zauna da mai a cikin kwanon kafireto, fetur ɗin yana bushewa ya bar baƙin man da aka gauraya da wani danƙo mai kama da ƙaro. Wannan danƙon da wuya ya toshe babban rami, amma ƙaramin nan take yake cinye rabinsa. Sai ka samu injin da ke ruri a tsakiyar ruwa, ya zo bakin gaɓa yunwa ta kashe shi. Kuma can ne aka fi bukatarsa, inda ruwa ke ja, ga jirage a jere, ga mutane sun fara miƙewa tsaye da kayansu.

Kada a kwance komai sai an gwada. Ka ɗaure jirgin da kyau a gaɓa, injin na cikin ruwa, ka tayar ka bar shi ya yi ɗumi na ƴan mintuna. Sai ka rage wuta a hankali har ya fara tarin nan, a daidai lokacin ka ɗan ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireto, kaɗan, ba duka ba. Idan ya farfaɗo ya daidaita, mai ne ya yi masa kaɗan: ko silo jet ta toshe, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Idan kuwa jan cok ɗin ya ƙarasa kashe shi nan take, ga hayaƙi mai yawa ga warin ɗanyen mai, to mai ne ya yi masa yawa, kuma wannan wata hanya ce daban da zan zo kanta.

Sake tayarwa, wannan karon hannunka a kan robar matsa mai da ke jikin tiyo. Da ya fara tari ka matsa ta sau biyu ko uku. Idan ya warware, man ne ba ya isowa kafireto yadda ya kamata, sai a duba famfon mai na jikin injin, da tiyon kansa, da bakin da yake maƙalewa a tanki da injin. Tiyon da rana ta gasa yana tsagewa a kusa da inda aka ɗaure shi, ba lallai ya zubar da mai ba, iska kawai yake zuƙa. Robar da kake ta matsawa ba ta yin tauri ita ma shaida ce. Ka tabbata kuma ƴar ƙofar iska da ke kan murfin tanki a buɗe take, kodayake ita ta fi kawo matsala a babban gudu.

Gwaji na uku ba kowa ke tunawa da shi ba: cire murfin injin gaba ɗaya ka sake saurarensa. Idan ba murfi yana silo lafiya, da ka mayar ya fara shaƙewa, hayaƙinsa ne ke tsiyaya a ciki yana sake zuƙarsa, sai a nemi gasket ɗin da ya ƙone.

Fulogin da ka cire fa, ina fata ba ka jefa su kogi ba, don su ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Injinka silinda biyu ne, ka ajiye na sama da na ƙasa kusa da juna. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Dukansu baƙi a jiƙe, mai ya yi yawa ko an zuba baƙin mai fiye da kima. Ɗaya lafiya ɗaya a jiƙe, matsalar ta silinda guda ce. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ƴan ɗigon ruwa a bakinsa, ruwa ne ke shiga wannan silindar, wannan kuma aikin babban makaniki ne. Ka kuma duba lambar fulogin da aka sayar maka ta yi daidai da wadda littafin injin ya ce. A fulogin NGK, B7HS da B7HS-10 ba ɗaya ba ne, goman da ke ƙarshe tana nufin tazarar bakinsa ta kai wajen milimita 1.

In gwajin cok ya nuna yunwa, kamar yadda nake zato, sai wankin kafireto. A nan ne aikin ke lalacewa a hannun mutane da yawa, don abin da ake kira wanki sau tari cire kwano ne kawai, a kurkure da fetur, a hura men jet da baki, a mayar. Ita silo jet ɗin tana can cikin wani lungu ba wanda ya taɓa ta. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, nesa da bakin ruwa, don jet ɗin da ta faɗa cikin yashi ta tafi ke nan. Kafin a fitar da sukurun daidaita man silo, a ɗaura shi ciki a hankali ana ƙirga zagayen da ya yi har ya taɓa ƙasa, a rubuta adadin. Taɓawa kawai, kada a matse, bakinsa tsini ne mai laushi, in ya lanƙwashe ba ya sake daidaita. Sannan a fitar da silo jet da sukudireban da ya cika bakinta daidai, tagulla ce, tana saurin cinyewa. A jiƙa ta, a fesa mata maganin wankin kafireto, a hura da iskar famfo, a ɗaga ta a ga haske zagayayye ta cikinta. Ban yarda da allura ko wayar ƙarfe ba. Suna buɗe ramin, amma suna faɗaɗa shi, daga nan injin ya koma shan mai da baƙanta fulogi har abada. In dole sai an zura wani abu, silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi ya isa.

Jet ɗin kaɗai ba ta gama aikin ba. Ka leƙa maƙogwaron kafireto daidai inda faifan totur ke rufewa, za ka ga ƴan ƙananan ramuka a jikin bango. Idan aka fesa magani ta mazaunin jet, dole a ga yana fitowa ta waɗannan ramukan. Akwai injin da aka taɓa kawo mini an wanke kafiretonsa sau uku, an sa sabuwar jet, mutuwar na nan. Da na fesa, rami ɗaya ne kawai ya yi tsartuwa. Sai da na bar gangar jikin ta kwana a jiƙe, da safe iska ta tunkuɗo wani abu kamar ƙwayar gero da aka raba huɗu, ja-ja, tsatsar tanki. Shi ke nan ciwon da ya hana mutum aiki mako biyu. Kafin a rufe a girgiza fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafireto, a kunne, in ana jin mai a cikinsa ya huje, a kuma duba allurar da ke tsayar da mai ko bakinta ya yi zobe. Waɗannan biyun su ne ke sa kafireto ambaliya, su ne kuma farkon abin dubawa idan gwajin cok ya nuna mai ya yi yawa.

Daidaita silo kuwa a cikin kogi ake yi, injin da ɗumi, a ƙarshe kuma a gwada shi cikin giya. Hayaƙin injin jirgi ta cibiyar farfela yake fita a ƙarƙashin ruwa, ruwan yana danne shi, farfela kuma tana da nauyin juyawa. Injin da aka saita a firi cikin rabin duro zai yi daɗin ji a gareji ya mutu a mashigi. Wannan ma ya tuna mini da lodi. Jirgin da aka jibga wa buhunan shinkafa ko albasa a baya yana nutsar da injin fiye da kima, har ƙaramin ramin hayaƙi da ke sama a wuyan injin, wanda yake numfashi da shi a silo, ya shige ruwa. Ka lura ko mutuwar ta fi yawa ranar da jirgi ya cika. In haka ne, a matsar da kaya gaba. Kada kuma a taɓa tayar da shi a busasshe ko na ɗan lokaci, robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙu.

Mutuwa da zarar an sa giya tana da wani dalili mai sauƙi da ya kamata a kawar. Kashe injin, zare igiyar makashi, ɗaga shi sama, sa a firi ka juya farfela da hannu. Zaren ragar masunta yana naɗewa a bayanta inda ido ba ya gani, sai an kwance ta. Yana riƙe juyi, yana kuma yanka sil ɗin da ke hana ruwa shiga gidan giya.

Idan an yi duk wannan bai bari ba, sai a shiga ciki. Famfon mai yana aiki ne da bugun iskar da ke cikin injin, ta wata ƴar fatar roba. In ta huje ko da kamar bakin allura, ɗanyen mai na bi ta nan ya cika silinda ɗaya. A babban gudu injin na ƙone shi, a silo ya shaƙe. Ana ganewa idan aka sassauta famfon daga jikin injin aka matsa robar tiyo, mai ya ɗigo ta ramin bayansa. Bayan shi akwai sil ɗin karanshaf, wanda in ya lalace yake barin iska ta shiga, da ƴan faifan rid da ke bayan kafireto, in bakinsu ya tsage ko ba sa kwanciya za ka ga injin na tofo mai baya ta kafireto. Na ƙarshe shi ne awon kamfureshan, wato ƙarfin matsar iska a cikin silinda, kuma shi kaɗai ne zai amsa tambayarka ta gajiya. A auna silinda biyun da geji ɗaya. Abin da aka fi dubawa shi ne kusancinsu, in bambancin ya wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari akwai magana a ringi ko fistin. Ko hakan ta faru, gyara ne, ba sayen sabo ba.

Man da kake sha shi ma a tuhume shi, musamman in na ƴan bumburutu ne da ya kwana a jarka. Tsiyaye kwanon kafireto da kofin filta a cikin farar kwalba ka ajiye minti biyar, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da layinsa. Ka riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Gaurin fetur da baƙin mai kuma a auna shi: a lissafin 50 da 1, jarkar fetur mai lita 25 rabin litar baƙin mai take ɗauka, na injin jirgi mai alamar TC-W3. Cikakkiyar lita a jarka, wato 25 da 1, ta sabon inji ce lokacin da ake horar da shi. Masu ƙarawa "don injin ya ji daɗi" su ne ke canza fulogi kowane mako. In za ka sake ajiye shi fiye da mako biyu, kwance sukurun ƙasan kwanon kafireto ka zubar da man da ke ciki.

Tunda giyar ta sha bugu kwanakin nan, ranar da za a wanke kafireton a zubar da man gidan giya a duba. In ya fito fari kamar madara ruwa ya shiga, a canza sil. In ka murza shi a yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarfe, a buɗe gidan a ga haƙoran kafin ka sake ɗaukar fasinja.