Amsar tambayarka kan lambobin da ke jikin gilashin kyamara

Ɗana, ka tambaye ni ma'anar 18-55mm da ke rubuce a jikin gilashin kyamarar da na ba ka aro, da dalilin da ya sa hotunan da ka ɗauka a ɗakin amarya suka yi duhu, wasu kuma suka yi dishi-dishi, da zarar ka jawo su kusa.

Lambobin nan milimita ne, kuma suna auna tazarar da ke tsakanin cibiyar gilashin da faifan da hoto ke sauka a kansa, yayin da aka saita kyamara kan abu mai nisa ƙwarai. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, shi ya sa a 18 dangin ango za su shiga hoto guda gaba ɗayansu, babbar lamba kuwa tana tsuke filin har fuska ɗaya ta cika shi. Gilashin da ake murzawa tsakanin lambobi biyu shi ne zum. Wanda aka rubuta masa 50mm kaɗai ba ya jawo komai, sai dai ka taka da ƙafarka.

Duhun da ka gani yana da tushe a wasu lambobin da ba ka kula da su ba, wato 3.5-5.6, masu nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta: ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi. A 18 ƙofar haske tana buɗewa har 3.5, amma a 55 ba ta wuce 5.6, kuma hasken da ke shiga a nan bai kai rabin na farko ba. Idan kyamara ce ke saita kanta, sai ta jinkirta rufe ƙofar domin ta tara haske, nan take rawar hannunka ta fito a hoton, domin jawowa tana ƙara girman motsi kamar yadda take ƙara girman fuska. A 55 kada ka bar ƙofar a buɗe fiye da 1/100 na daƙiƙa, ko kuma ka matsar da amarya bakin taga.

Abin da ya fi damuna a hotunanka shi ne hancin amarya da ya kumbura. Ka tsaya dab da ita a 18, kuma duk abin da ya fi kusa da gilashi yakan yi girma fiye da kima. Laifin na tsayuwarka ne. Gobe ka ja baya kamar mita biyu, ka murza zuwa 55, ka ɗauki ƙaninka, sa'an nan ka kawo mini mu gwada shi da na jiya.