Amsa ga mai tambayar amfilifaya mai bawul da hedifon

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa kana da hedifon Hifiman Sundara kuma kana tunanin sayen amfilifaya Darkvoice 336SE ka haɗa masa da tsofaffin bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) na kamfanin Mullard, ko kuma ka fara sayen hedifon Sennheiser HD 600 tukuna. Toh ni dai na daɗe cikin wannan harkar, shekara goma da wani abu, bari in faɗa maka abin da kunnena ya ji da abin da aljihuna ya gani.

Gaskiya kada ka haɗa Sundara da Darkvoice. Ba wai ɗayansu bai da kyau ba ne, jininsu ne bai haɗu ba. Darkvoice da Bottlehead Crack, wadda ni nake da ita, irin amfilifayar nan ce da ake kira OTL, wato babu taransifoma a bakin fitar sauti, daga bawul sai kafasito sai kunnenka, saboda haka turjiyar da ke bakin fitarsu tana da yawa, ta Crack wajen om 120 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta). Shi kuwa Sundara turjiyarsa ba ta kai om 40 ba, kuma irin hedifon ɗin nan ne mai shan karan sosai, wato yawan wutar da ke gudana. Amfilifaya OTL kuwa bolt take da shi da yawa, karan ɗinta kaɗan ne. Na taɓa gwada wannan haɗin a ɗakin wani abokina, da muka ƙara murya sai bes ya kwance ya yi laƙwas, kalangu ya koma kamar ana dukan kwali, sannan sautin ya fara karcewa tun ba a kai ko'ina ba. Mun canza bawul har kala uku a daren nan babu abin da ya gyaru, don matsalar ba a bawul take ba.

HD 600 kuwa om 300 ne, tun 1997 ake yinsa kuma har yau ba a daina ba, kuma shi ne abin da irin wannan amfilifayar take so. Akwai ma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, turjiyar HD 600 ba ɗaya take ba a ko'ina, a yankin bes, wajen has 100 (has shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), tana hawa ta wuce om 500, to idan ya haɗu da amfilifaya mai turjiya a baki sai wannan yankin ya ɗan ƙara kauri. Wani ɓangare na abin da muke kira ɗumin bawul daga nan yake zuwa, sauran kuma daga ɗan jirkicewar sautin da bawul ke yi ne wanda kunne ke jin daɗinsa. Ranar da na fara sa HD 600 a kan Crack na kunna karatun Alƙur'ani na wani makaranci da na saba ji shekara da shekaru, wallahi sai da na ajiye abin da ke hannuna, muryar ta matso kusa, numfashinsa tsakanin aya da aya ina jinsa, kuma na yi awa uku kunnena bai gaji ba. Kukuma da garaya ma haka, kaifin nan da ke soke kunne ya ragu amma tsirkiyar tana nan da ranta. Hedifon Beyerdynamic DT 880 mai om 250 ko 600 shi ma yana shiga sosai, har ma bawul na rage masa tsinin saman da wasu ke kuka da shi.

Idan kuma Sundara kake ƙauna ba ka son rabuwa da shi, nemi haɗin gambiza irin Schiit Vali, bawul a gaba taransista a baya, ka samu ɗanɗanon kuma ka samu ƙarfin.

Maganar tsofaffin bawul nan ne nake so ka yi a hankali. Eh akwai bambanci, Mullard na masana'antar Blackburn ta Ingila yana da taushi a tsakiya, Telefunken na Jamus ya fi tsabta da haske, ni ma ina jin haka. Amma bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma na bambancin da canza hedifon zai ba ka ba, kuma kuɗin da ake kira yanzu ya wuce hankali. Sannan sunan Mullard da kake gani a sabon kwali a Saratov ta Rasha ake yinsa, masana'anta ɗaya da Electro-Harmonix da Tung-Sol na yanzu, ba laifi ba ne bawul ne mai kyau amma ba shi ne na da ba. Na da ɗin yana da wasu ƙananan lambobi da aka zana a jikin gilashin, harafin B shi ke nuna Blackburn. Ni an taɓa sayar min da guda biyu a intanet da sunan ba a taɓa amfani da su ba, da suka iso ɗaya yana ƙara kamar ƙararrawa ko tebur ka taɓa, ɗayan kuma kunnen hagu ya fi na dama ƙarfi, kuɗin nan har yau ina jin zafinsu. Tun daga nan bawul ɗin kamfanin JJ na Sulobakiya nake ajiyewa na yau da kullum. Daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi har sababbin ma sun yi tsada, saboda masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne.

Kuma kada ka ga ƙafafun bawul sun yi daidai ka ce ai zai shiga. Bawul 12AU7 da 12AX7 gindinsu ɗaya, amma na farko yana ninka sauti wajen sau 17 zuwa 20, na biyun sau 100. Darkvoice ɗin da kake magana 6SN7 da 6AS7 ko 6080 yake ci, kuma an san shi da gurnani da wasu 6SN7 ɗin, musamman sababbi.

In za ka gwada bawul biyu, daidaita ƙarfin murya da mita tukuna, don wanda ya ɗan fi ƙara ko yaya kunne zai ce shi ya fi daɗi.

Sai abin da ya shafe mu nan gida. Duba bayan amfilifayar kafin ka biya, da yawa daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne mu kuma 230 muke, ka soka kai tsaye taransifomar ta tafi. Sitabilaiza dole ne, kuma ni ba na kunna tawa a kan ƙaramin janareta, in an ɗauke wuta na kashe ta sai an kawo ta zauna. 6080 kaɗai hitarsa na jan amfiya 2.5, a watan Afrilu ɗakin sai ya koma tanda, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, nesa da hannun yara, ka rufe ta da yadi lokacin hunturu bayan ta huce saboda ƙura. Kada ka cire bawul tana kunne, kuma kada ka buɗe cikinta in ba ka iya ba, kafasito na riƙe bolt sama da ɗari ko bayan an zare waya.

Ka fara da HD 600 ɗin, ka ji shi wata ɗaya a kan abin da kake da shi yanzu. In a Kaduna kake ka yi min magana ka zo da Sundarar taka mu jona duka biyun a kan Crack ka ji da kunnenka.