Matuƙin jirgin da hannunsa bai faɗa ba: me ake ce masa da Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta gajeren labari da Turanci don shiga wata gasa, a ciki akwai matuƙin jirgin sama da bai iya aikinsa ba. Na rubuta "quack pilot", yayana ya ce in mayar da shi "unskilled pilot". Wanne ne daidai? Sannan kuɗin ƙamus ɗaya kawai gare ni, wanne zan saya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara goge "quack". A Najeriya mun saba liƙa wa kowa ita, daga bakanike har ɗan jarida, amma a Ingila da Amurka likitan bogi ake nufi. Yayanki bai karya ƙa'idar nahawu ba, sai dai "unskilled" ta fi zama da leburanci, aikin da ba sai an koya a makaranta ba, kamar dako. Bature zai gane ki, amma zai ji kamar an sa wa malum-malum takalmin ƙwallo.

Ki tambayi kanki: me ke damun matuƙin nan naki? In sabon hannu ne, ki ce "inexperienced pilot" ko "novice pilot". Su kansu matuƙa da awa suke auna junansu, shi ya sa za ki ji suna cewa "low-time pilot", wato wanda awanninsa a sama ba su da yawa. A ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, lasisin tuƙa jirgi don kai yana buƙatar awa 40 a sama, na zama kyaftin a jirgin fasinja kuwa 1,500. Mai awa 200 na iya zama haziƙi, kwana ne kawai bai yi ba. In kuma har yanzu yana koyo, kamar ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta garinku da aka kafa a 1964, sunansa "student pilot", kuma ba zagi ba ne.

In ya daɗe yana tuƙi amma har yau shirme yake, nan ne "incompetent pilot" ke shigowa. Tana da nauyi, zargi ce. A bakin mutanen labarinki "bad pilot" ko "lousy pilot" sun fi kama da hira. Ni dai na fi son "ham-fisted", wato mai nauyin hannu, wanda ke buga jirgi da ƙasa duk saukar duniya.

Kiyayi biyu: "poor pilot" na iya nufin matalauci ko abin tausayi, "amateur pilot" kuma sau da yawa mai tuƙi don sha'awa ne, ko da gwani ne. "Unlicensed" maganar lasisi ce, wannan kuma sai kotu.

Batun ƙamus, na Turanci zuwa Hausa zai ba ki ma'ana, amma ba zai gaya miki wace kalma ke zama da wace ba, alhali nan matsalarki take. Sayi Oxford Advanced Learner's Dictionary, don kusan kowace kalma da misalanta a jimla. In sabo ya fi ƙarfin aljihu, na hannu ma ya isa, ki dai buɗe ki tabbata shafukan sun cika kafin ki biya.