Shagon gyaran kwale-kwale da ƴan'uwa a Maiurno: ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce kai da ƙannenka biyu kuna son buɗe wurin gyaran kwale-kwale a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, kana tambayar abin da za ku fara tanada.

Katako tukuna. Jiragen Nilu da bagaruwa aka saba yin su, don tana jure ruwa, amma ɗanyarta in ta bushe a jikin jirgi sai ta ja, tsaga ta buɗe. Ku sayi katakon tun yanzu, ku jera shi a inuwa ya sha iska. Ƙusoshi, auduga ta cusa tsaga da kwalta ba su da wuyar samu.

Kuɗin yana wajen inji, in ka tambaye ni. Ruwan Shuɗin Nilu a watan Agusta laka ce zalla, tana cinye robar famfon da ke sanyaya injin Yamaha. Ɗayanku ya koyi wannan aikin sosai, ku ajiye robar da fulogi a shago.

Sai maganar bashi. Masunta duk dangi ne, kowa zai ce "Kawu, sai na sayar da kifi." Ku zauna gaban Baba ku yanke wanda zai riƙe littafi, da rabon kowa, kafin a buga ƙusa ta farko.