Ko bana Toronto za ta ɗaga Kofin Stanley?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Toronto, kuma abokan aikina sun jefa ni cikin son Maple Leafs, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin. A watan Oktoba za a fara kakar 2025-26, ni kuwa zuciyata na gaya mini bana tamu ce. Da na faɗi haka a wurin aiki, wani dattijo da ke goyon bayanta tun yana yaro ya yi dariya har da hawaye. Shin fatan nawa yana da tushe, ko in rage buri?
Mai karatu daga Toronto, Kanada

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka ga laifin dattijon nan. Rabon Maple Leafs da Kofin Stanley, kofin da zakaran NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ke ɗauka, tun 1967, lokacin ƙungiyoyi shida kacal ne a gasar. Yanzu 32 ne. Daga wannan shekarar zuwa yau ko wasan ƙarshe ba su sake kaiwa ba. Kanada ma gaba ɗayanta, ƙasar da ke ɗaukar wasan nan tamkar gadon gida, ba ta ga kofin ba tun da Montreal Canadiens ta ɗauka a 1993.

Amma ba zan ce ka rage buri ba. Abin da zan ce shi ne ka san lokacin da ake auna shi. A kakar 2025-26 kowace ƙungiya tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma duk wannan neman gurbi ne kawai. Ƙungiyoyi 16 ke wucewa, sannan a shiga zagaye huɗu na fitar da gwani. A kowane zagaye ana karawa da abokin hamayya guda har sai wani ya ci wasa huɗu cikin bakwai. Nasara 16 ke nan kafin a taɓa kofi. A nan Toronto ke tuntuɓe. A kakar bara, wato 2024-25, ita ta zo ta ɗaya a rukunin Atlantic da maki 108, ta fitar da Ottawa, ta ci Florida Panthers wasa biyu na farko, aka fara murna. Sai Florida ta farfaɗo, a wasa na bakwai kuma ta lallasa su 6-1 a gidansu, ta wuce ta ɗauki kofin karo na biyu a jere.

Don haka in ka ga sun ci wasa biyar a jere a Nuwamba, ka yi murna daidai gwargwado. Boston Bruins ta ci wasa 65 a kakar 2022-23, tarihin da ba a taɓa kafawa ba, aka fitar da ita a zagayen farko. In kuma ka ga sun shiga rami a Janairu, kada ka jefar da rigarka. A farkon Janairun 2019 St. Louis Blues ce ta ƙarshe a dukan gasar, a watan Yuni ita ta ɗaga kofi. Kocinta na lokacin, Craig Berube, shi ne ya karɓi ragamar Toronto a 2024. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin fatanka ba mafarki ba ne: mutumin ya san hanyar.

Akwai giɓi dai, kuma babba. Ɗan wasan gaba Mitch Marner ya bar Toronto ya koma Vegas Golden Knights bayan ya tara maki 102 a bara, wato jimillar abin da ya zura a raga da abin da ya taimaka aka zura. Magoya baya da yawa sun yi masa Allah raka taki gona saboda yana dusashewa in wasa ya yi zafi. Ni ban yarda a ɗora masa laifin shi kaɗai ba, kuma sai an nemi mai cike gurbinsa za a gane amfaninsa.

Abu biyu za ka sa wa ido. Na farko lafiyar kyaftin Auston Matthews, wanda ya zura a raga sau 69 a kakar 2023-24, ya sauko zuwa 33 a bara yana fama da rauni. A watan Fabrairu kuma 'yan wasan NHL za su je gasar Olamfik ta hunturu a Italiya, karon farko tun 2014, kuma kowane koci hannunsa na kan ƙirji har sai 'yan wasansa sun dawo lafiya. Na biyu mai tsaron raga. A hoki, gola guda da ke kan ganiyarsa a watan Mayu yana iya ɗaukar ƙungiya a kafaɗa har ƙarshe. Anthony Stolarz ya yi kyau a bara, sai ya ji rauni a wasan farko da Florida, bai sake tsaron raga a karawar ba. Da yana nan, wa ya san yadda za ta kaya?

In ka tambaye ni, kofi bana da wuya, don Florida na nan, Edmonton ta Connor McDavid da ta sha kashi a wasan ƙarshe shekara biyu a jere ita ma tana jin yunwa. Hasashena shi ne Toronto ta kai zagaye na uku, inda rabonta da shi tun 2002.